An buɗe gidajen giya a Ingila: in koma kallon ƙwallo can ko in dakata?

Tambaya (an yi ta, aka kuma amsa ta, a tsakiyar Yunin 2021, lokacin annobar korona): Ina zaune a Manchester, shekaruna 34. Ba na shan giya, amma kafin korona a mashayar unguwarmu muke haɗuwa da abokan aiki mu ci abinci mu kalli ƙwallo. Yanzu an buɗe, har sun kama tebur don wasan Ingila da Scotland na ranar Juma'a. An yi mini allurar Pfizer ta farko makonni uku da suka wuce. Surukata tana zaune tare da mu, shekarunta 67, tana da ciwon suga, ita an yi mata allura biyun. In je ko in haƙura?

Amsa: Malam, ka je idan teburin a waje yake, a filin da iska ke kaɗawa. Idan a cikin ɗaki ne, wannan wasan dai ka kalle shi a gida, ka bar shiga ciki sai an yi maka allura ta biyu ta kuma kwana goma sha huɗu a jikinka. Batun halaccin zama inda ake shan giya fagen malamai ne, kai ma ba shi ka tambaya ba, don haka kan lafiya zan tsaya.

Buɗewar da gwamnati ta yi ba shaida ce ta cewa wurin ya zama lafiya ba. Gwamnati tana auna yawan gadajen asibiti ne da halin da masu sana'a ke ciki, kai kuwa gidanka kake aunawa. An rufe gidajen giya ranar 20 ga Maris 2020, aka buɗe su 4 ga Yuli, aka sake rufewa a Nuwamba, aka kuma rufewa a Janairun 2021. A 2021 an yarda a zauna a waje daga 12 ga Afrilu, a ciki kuma daga 17 ga Mayu, mutum shida a tebur ko iyalan gida biyu. An so a cire sauran dokokin ranar 21 ga Yuni, amma ranar Litinin 14 ga wata Firaminista na lokacin, Boris Johnson, ya ɗage zuwa 19 ga Yuli saboda nau'in cutar da ake kira Delta, wanda a lokacin shi ne fiye da kashi 90 cikin ɗari na sababbin kamuwa. Kai kuma a tsakiyar inda abin ya fi zafi kake: ranar 8 ga Yunin 2021 aka shawarci mazauna yankin Manchester da Lancashire su riƙa haɗuwa a waje maimakon cikin ɗaki.

Abin da ke kama mutum a mashaya iskar ɗakin ce. Mai ɗauke da cutar, duk lokacin da ya yi numfashi ko magana ko dariya, yana fitar da ƙananan ɗigogi waɗanda ido ba ya gani. Manyan suna faɗuwa kusa da shi, ƙananan kuwa suna rataye a iska na tsawon mintuna har sa'o'i. Ka tuna turaren wuta: idan aka sa kasko a ƙuryar ɗaki aka rufe taga, ba a jimawa wanda ke bakin ƙofa ma tufafinsa sun kama, alhali a tsakar gida sai ka matso kusa kafin ka ji ƙamshin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana jan ƙafa kan wannan, sai a ƙarshen Afrilun 2021 ta rubuta shi ɓaro-ɓaro, hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta biyo baya a farkon Mayu. Hukumar CDC ɗin ta ƙiyasta cewa kamuwa ta hanyar taɓa abin da ƙwayar ta sauka a kai bai kai sau ɗaya cikin dubu goma ba. Saboda haka goge tebur da ma'aikata ke yi a gabanka, da kwalbar man wanke hannu a bakin ƙofa, abu ne mai kyau, amma ba su ne za su gaya maka ko wurin ya dace da zama ba.

Akwai misalai da aka bi diddiginsu sosai. A Janairun 2020, a wani gidan abinci marar taga a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, mutum ɗaya ya sa wa mutum tara daga iyalai uku da ke zaune a tebura daban-daban. Duk suna kan layin da na'urar sanyaya ɗaki ke hura iska tana dawo da ita, kuma waɗanda ke ɗaya ɓangaren ɗakin ba su kamu ba. A birnin Jeonju na Koriya ta Kudu, a Yunin 2020, an kamu daga nisan mita shida da rabi cikin minti biyar kacal, nan ma saboda hanyar da iskar na'ura ke bi. Tazarar mita biyu ba ta ceci kowa ba a waɗannan wurare. A nan kusa da kai, a Agustan 2020, cutar ta ɓarke daga gidajen giya a Aberdeen har gwamnatin Scotland ta sake rufe su na kusan mako uku. A cikin rikicin ne 'yan wasan ƙungiyar Aberdeen takwas suka je wata mashaya, biyu suka kamu, aka ɗage wasanninsu.

Bari mu yi lissafi, don ka iya auna ɗakin da kanka. Ma'aunin da masana ke bayarwa shi ne kowane mutum ya samu sabuwar iska lita goma a kowace daƙiƙa. Ɗauki ɗaki mai tsawon mita goma, faɗin mita takwas, tsayin mita uku, wato sarari mai cin iska lita 240,000, da mutum arba'in a ciki. Suna buƙatar lita 400 a daƙiƙa, ma'ana a sauya iskar ɗakin gaba ɗaya sau shida a awa guda. Tsohon gini mai rufaffun tagogi da ƙyar yake sauya ta sau ɗaya. Gidajen giya da yawa a Ingila tsofaffin gine-gine ne masu gajeren rufi, an gina su ne don su riƙe ɗumi lokacin hunturu, kuma abin da ke riƙe ɗumi shi ke riƙe numfashin mutane.

Hanya mafi sauƙi ta gane haka ita ce auna iskar CO2 da muke fitarwa. A waje tana kusa da kashi 420 cikin miliyan, a numfashin mutum kuwa kusan 40,000. Idan na'ura ta nuna 800 a ɗaki, kusan kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da kake shaƙa ta riga ta fito daga huhun wani. Idan ta nuna 1,500, ya kai kusan kashi uku. Hukumar kula da lafiyar wuraren aiki ta Birtaniya tana ɗaukar abin da ya wuce 1,500 a matsayin rashin iska, kuma inda ake ɗaga murya ana so a tsaya ƙasa da 800. Ɗakin misalinmu, da tagogi a rufe, zai haura 3,000 idan aka daɗe a ciki. Ana sayar da ƙananan na'urorin awon, amma ka nemi mai ɗauke da ma'aunin da ake kira NDIR, don masu arha da yawa ƙiyasi kawai suke yi daga warin wasu sinadarai, kuma a wurin da ake zuba giya da man wanke hannu sai su rikice. Ka ajiye ta a kan tebur nesa da bakinka kamar rabin mita, nesa da taga, ka ba ta minti biyar. Kusa da kicin mai murhun gas za ta nuna fiye da gaskiya. Idan kuma wurin yana da matatar iska ta HEPA, lambar ba za ta sauka ba duk da cewa iskar ta fi tsabta, don matatar ƙwayoyi take kamawa, CO2 wucewa yake yi.

Idan ba ka da na'ura, idonka da hancinka sun isa su ba ka rabin labarin. Tagogi sun yi gumi daga ciki? Ka shiga ka ji ɗakin ya yi nauyi, warin abinci da turaren jama'a sun tsaya wuri ɗaya? Ƙofa ɗaya ce kawai a buɗe, ba wata a ɗaya gefen da iska za ta fita? To wurin bai yi ba. Kada sanyin ɗaki ya yaudare ka. Na'urar sanyaya ɗaki irin ta jikin bango ba ta jawo iska daga waje, ta cikin take sanyayawa ta dawo maka da ita. Gilasan roba da ake kafawa tsakanin tebura suna tare tofin wanda ke fuskantarka, amma ba sa hana iskar ɗaki zagayawa, wani lokaci ma sai su tsare ta a lungu. Ma'aikacin da ya sa gilashin fuska kaɗai ba takunkumi, wannan alama ce cewa mai wurin bai fahimci yadda cutar ke tafiya ba.

Kalmar "waje" ma sai ka bincike ta. Dokar korona ta 2021 ta ce rumfa ko tanti ba ya zama waje sai aƙalla rabin bangonsa a buɗe yake, ma'aunin da aka ɗauko daga dokar hana shan taba a cikin gini ta 2007. Amma da an fara yayyafi, kuma Manchester ba ta rabuwa da shi, sai a sauke labulen tantin, a kunna abin ɗumama wuri, mutum talatin su cunkushe gaban talabijin ɗaya. Wannan ɗaki ne, ko da na leda ne. Haka ƙananan rumfunan roba masu kama da ƙwarya a kife, waɗanda ake kama wa mutum shida: idan ku 'yan gida ɗaya ne babu laifi, amma da abokan aiki daga gidaje shida sun fi babban ɗakin ma haɗari.

Sai tambayar ko akwai mai cutar a wurin tun farko. Hukumar ƙididdiga ta ONS ta ƙiyasta cewa a Ingila mutum ɗaya cikin 1,120 ne ke ɗauke da ita a mako na uku na Mayun 2021, ya koma ɗaya cikin 640 a ƙarshen watan, sannan ɗaya cikin 560 a makon farko na Yuni. A ɗakin mutum arba'in, yiwuwar a samu aƙalla mutum ɗaya kusan kashi bakwai ne cikin ɗari. A farkon Janairu, lokacin da ake ɗaya cikin hamsin, ya haura rabi. Ka ga ana cikin sauƙi idan aka kwatanta. Sai dai wannan matsakaicin ƙasa ne baki ɗaya. Arewa maso yammacin Ingila ta fi haka, kuma masu cika mashaya daren wasa matasa ne, waɗanda su ne cutar ta fi yawa a cikinsu a Yunin 2021, su ne kuma aka zo kansu a ƙarshe wajen allura. Masu tari da zazzaɓi wasunsu za su zauna a gida, amma mutum yana fara yaɗa cutar kwana biyu kafin ya ji komai.

Daren ƙwallo ya bambanta da cin abincin rana ranar Talata, kuma nan ne nake ganin mutane ke kuskuren lissafi. Wasan minti casa'in ne, da hutun rabin lokaci, da zuwan wuri don a samu wurin zama, da hirar bayan tashi: awa uku ke nan. Ana ƙure sautin talabijin, don haka kowa sai ya ɗaga murya ya kuma matso kusa da kunnen ɗan'uwansa. Magana da ƙarfi tana fitar da ɗigogi ninkin-ba-ninkin na magana a hankali, ihu da waƙa sun fi. Ingila da Scotland kuwa tsohuwar hamayya ce, tun 1872 suke karawa, ba wasan da za a kalla shiru ba ne. Rashin shan giyarka yana kare hankalinka kai kaɗai. Masu bincike daga Jami'ar Stirling sun shiga gidajen giya 29 a Scotland a bazarar 2020 kamar sauran masu sayayya, suka ga yadda tsarin da aka shimfiɗa ke warwarewa idan an sha an yi nisa: runguma, haɗa tebura, cunkoso a hanyar banɗaki, ma'aikata kuma ba sa iya hanawa. Dokar da ke aiki ƙarfe shida na yamma ba ita ke aiki ƙarfe goma ba.

Allurarka ta farko ta fara aiki, amma a kan Delta ba ta kammala ba. Alƙaluman hukumar lafiyar jama'a ta Ingila na watan Mayun 2021 sun nuna allura ɗaya, ko Pfizer ko AstraZeneca, tana rage kamuwa mai alamu da kusan kashi 33 cikin ɗari. Bayan ta biyu da mako biyu, Pfizer ta kai kashi 88, AstraZeneca kashi 60. Wajen hana kwanciya asibiti labarin ya fi daɗi: kashi 96 da kashi 92 bayan allura biyu, kuma ko guda ɗaya tana ba da kariya mai yawa. Ma'ana, kai mai shekara 34, idan ba ka da wata cuta, da wuya abin ya kai ka asibiti. Amma kamuwa ka kawo gida abu ne mai yiwuwa ƙwarai, kuma an gano Delta ta fi nau'in da ya gabace ta yaɗuwa a cikin gida da kusan kashi 60.

Surukarka ce ta sa na ce ka dakata. Allura biyun sun rage mata haɗari sosai, ba su share shi ba, kuma ragowar ya fi yawa ga mai shekaru da ciwon suga. A zagayen farko na annobar, ONS ta gano mace-macen maza 'yan asalin Afirka baƙar fata ya ninka na Turawan Birtaniya fiye da sau uku, na mata fiye da sau biyu. Yawancin dalilan na yanayin rayuwa ne: irin aikin da ake yi, zama da yawa a gida ɗaya, yawan ciwon suga da hawan jini. Idan akwai mai cutar sikila a gidan, shi ma yana cikin waɗanda gwamnati ta sa a jerin mafiya rauni. A ɗaya gefen ma'aunin, abin da za ka rasa ɗan kaɗan ne. A tsarin Yunin 2021, masu shekarunka ana ba su ta biyu ne cikin mako goma sha biyu, wato wajen Agusta, kuma ka riƙa duba shafin NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta ƙasar, ko wuraren da ake yi ba tare da alƙawari ba, don ana matso da ranakun. Ban raina zaman abokan aiki ba. Wanda ya yi aiki a ƙasar nan ya san a irin wannan zama ake sanin juna, a nan ake jin labarin gurbin da za a buɗe kafin a tallata shi, kuma shekara guda ta kaɗaici ta yi wa mutane illa ta gaske. Shi ya sa ban ce ka yanke zuwa ba.

Ga yadda za ka yi. Yau ka kira mashayar ka tambaye su abu uku: teburin a ina yake, akwai talabijin a waje, kuma me suke yi idan ruwa ya sauko. Amsar ta ukun ita ce mai muhimmanci. Ka roƙi abokanka kowa ya yi gwajin gaggawa na gida a ranar, ba jiya ba. A 2021 kyauta aka riƙa bayar da shi daga 9 ga Afrilu, a kantin magani ko a aiko wa mutum gida, sakamako cikin rabin awa. Ka san iyakarsa: a gwajin da aka yi a Liverpool kan mutanen da ba su da alamu, kusan kashi 40 kawai ya kama na waɗanda gwajin PCR, wanda ake yi a ɗakin bincike, ya tabbatar, ko da yake ya fi kama masu ƙwayar da yawa, waɗanda su ne suka fi yaɗawa. Layi biyu na nufin a zauna a gida a yi PCR. Layi ɗaya ba lasisin runguma ba ne. Kurakuran da aka fi yi su ne ci ko sha cikin rabin awa kafin gwaji, shafa tsinken sama-sama, da karanta sakamako bayan lokacinsa ya wuce.

A wurin, ka zauna a bakin tebur ta gefen da iska ke fitowa, gefe da gefe da na kusa da kai ya fi fuska da fuska. A dokar Yunin 2021, ana neman kowa mai shekara 16 zuwa sama ya yi rajista da manhajar NHS ko ya rubuta sunansa da lambarsa, ana ajiyewa kwana 21. Ka ba da lambar gaskiya, don ita ce hanyar da za ka ji idan wani abu ya faru. A dokar lokacin, a tebur ake kawo oda, ba a tsayawa a kanta. Duk lokacin da za ka shiga ciki ka sa takunkumi, kuma wanda ya kama fuska sosai irin FFP2 ya fi na yadi nesa ba kusa ba. Banɗaki ka je ana tsakiyar wasa. Da an busa hutun rabin lokaci kowa can yake nufa, ƙaramin wuri ne, sau da yawa ba taga. Ka tashi da an busa tashi ko kafin nan. Dokar rufewa ƙarfe goma ta Satumbar 2020 ta nuna abin da ke faruwa idan aka sallami kowa lokaci ɗaya: titi da bas da jirgin cikin gari su cika maƙil. Idan tasi za ka hau, ka zauna a baya ta gefen da ba na direba ba, a sauke gilashi biyu masu kallon juna ta kusurwa.

Idan ruwa ya kore ku ciki, ka yanke shawara tun kafin ka bar gida cewa tafiya za ka yi, don a lokacin kunya ba za ta bar ka ba. In kuma dole ta sa ka zauna, ka nemi teburin da ke kusa da buɗaɗɗiyar ƙofa, kada ka zauna a layin da na'urar sanyaya ɗaki ke hurawa, ka mayar da takunkumi da ka gama cin abinci, kuma kada ka wuce awa ɗaya.

Bayan ka dawo, gwajin washegari ba ya nuna komai, don ƙwayar ba ta yi yawan da za a gan ta ba. Yawanci alamu kan fito wajen kwana na huɗu zuwa na shida, wani lokaci har kwana goma sha huɗu. Ka yi gwaji a kwana na uku da na biyar, ka ƙara a na bakwai idan ciki ka zauna. A wannan makon ka bar tagar falo a ɗan buɗe, ka rage doguwar hira da Hajiya a rufaffen ɗaki, kuma kada ka zama kai ne mai kai ta asibiti a mota da gilashi a rufe. Alamun da gwamnati ta lissafa a 2021 uku ne: zazzaɓi, sabon tari marar tsayawa, da ɗaukewar jin ƙamshi ko ɗanɗano. Amma masu bin alamun cutar a King's College da ke Landan sun ga Delta a jikin matasa ta fi zuwa da ciwon kai, ciwon maƙogwaro da yoyon hanci, kuma Yuni lokacin atishawar furen ciyawa ne, mutum sai ya ɗauka ita ce. Idan ka ji haka, ka nemi PCR (a 2021 ta intanet ake nema ko a kira layin gwaji na 119), ka keɓe kanka a ɗaki ɗaya har sakamako ya fito. Idan ma'aikatan bin diddigi na NHS suka kira ka suka ce ka yi mu'amala da mai cutar, a dokar Yunin 2021 killace kai na kwana goma wajibi ne ko an yi maka allura, tarar kuma a lokacin daga fam dubu ɗaya take farawa. Ka duba tun yanzu ko wurin aikinka zai biya ka waɗannan kwanaki goman, don tallafin fam 500 da gwamnati ta riƙa bayarwa a 2021 na masu ƙaramin ƙarfi ne kawai waɗanda ba za su iya aiki daga gida ba.